Hilux mai injin 2.4 a hanyar Kumasi zuwa Ejura: inda ta fi RAV4 da Fortuner, da inda suka fi ta

Motar da nake son in yi bayani a kanta Toyota Hilux ce ƙirar 2018, mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya, injin dizal 2.4, giyar hannu guda shida, tana kuma ja da ƙafa huɗu in an buƙata. Ba sabuwa na saye ta ba. Wata ƙungiya ce da ke aiki a arewa ta fitar da motocinta gwanjo, Allah Ya sa da rabona a ciki. Sana'ata hatsi: ina saro masara da wake a Ejura da ƙauyukan da ke bayanta, wani lokaci har Atebubu ko Techiman, in kawo Kumasi, a nan ƙasar Ghana, in sayar wa masu gidan kaji da mata masu koko da dokunu. Babban lodi Kia ce ke ɗauka. Aikin Hilux shi ne ta kai ni har bakin gona inda Kia ba ta shiga, ta fito da buhuna zuwa kwalta, ranar Juma'a kuma a wanke ta in tafi masallaci.

Musun mota ya yi yawa a majalisarmu ta Aboabo. Da an idar da Isha'i an ɗora ataya, sai a rabu gida uku: 'yan a-kori-kura, 'yan ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V, da masu cewa in ba babbar jif ba to ba mota ba ce. Yawancin hujjar daga waya ake karanto ta, ƙarfin injin wannan doki kaza ne, na waccan doki kaza. Ni kuwa duka ukun suna cikin danginmu. Ƙanina yana da RAV4 ƙirar 2016 da aka kawo daga Amurka, surukina yana da Fortuner mai injin fetur 2.7, kuma kowacce na tuƙa ta a hanya ɗaya, Kumasi zuwa Mampong zuwa Ejura, rani da damina.

Maganar ƙarfi ita ke tayar da jijiyar wuya. Ƙanina kan ce mini, "Yaya, da girman motarka da komai, doki 150 ne fa a ciki. Tawa 176." Bai yi ƙarya ba, haka yake a takarda. Abin da bai karanto ba shi ne layin da ke ƙasa, wato ƙarfin murɗa taya, wanda ake aunawa da Nm. Injin Hilux ɗin, wanda Toyota ke kira 2GD, yana ba da 400, kuma tun yana juyi 1,600 zuwa 2,000 a minti yake bayarwa, wato da ka saki kuloci ka ɗan taɓa totur. Injin RAV4 mai 2.5 yana ba da wajen 233, shi ma sai allura ta haura 4,000. Dawakin nan 176 kuwa ba sa fitowa sai a juyi 6,000, inda inji ke kururuwa. Wa ke tuƙi a 6,000 tsakanin Tafo da Pankrono? Ƙarfin Hilux irin na ɗan dakon kasuwar Kejetia ne, daga tsugune yake ɗaga buhu, ba sai ya taho a guje ba.

Dutsen Mampong ke raba wannan gardama. Duk wanda ya san hanyar ya san kwanonin nan da suka nannaɗe dutsen bayan an wuce Jamasi. Ba na tafiya wayam. Nakan ɗauki takin zamani, buhu mai kilo 50, in kai wa manoman da nake hulɗa da su. Da buhu goma sha biyar a baya, a giya ta uku take hawa. In tirela ta tare ni a tsakiyar kwana na tsaya cak, sai in tashi da ta ɗaya, ba ja da baya, ba ƙaurin kuloci. A dawowa da masara gangara ce, nan kuma giyar hannu ke da rana: in sa ta biyu ko ta uku in bar inji ya riƙe motar, birki sai ɗan taɓawa. Kada a raina wannan. Birkin baya na Hilux mai durom ne, ba faifai ba, kuma duk birkin da aka danne tun daga saman dutse, na kowace mota, zafi zai yi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa.

A shimfiɗaɗɗiyar kwalta kuwa, gaskiya ƙanina ya fi ni. Hanyar Accra kusan kilomita 250 ce, wurare da yawa ba a raba ta biyu ba, rabin tuƙin ma wuce tirela ne. Tsakanin Konongo da Nkawkaw idan ya hango sarari ya taka, giya ta sauko da kanta, kafin ka ce kwabo ya wuce. RAV4 ba ta kai tan 1.7 ba, Hilux kuwa ta yi tan biyu tun ba a ɗora mata komai ba, ga shi injinta da ya kai juyi 3,400 ya gama ba da abin da ke cikinsa. Dole in auna tazara in rage giya tun da wuri, wani lokaci in haƙura in bi bayan tirela har sai hanya ta buɗe sosai. Mai son ja da gudu a mota ɗaya sai ya nemi mai injin 2.8, wanda tun gyaran 2020 yake ba da doki 204 da Nm 500 a mai giyar otomatik, amma ya shirya aljihu.

Ainihin bambancin yana ƙarƙashin mota, sai ka shiga ramin gareji a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame, ka ɗaga kai za ka gan shi. Hilux shasinta daban yake, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da wasu a gicciye, aka ɗora bodi a kai aka ɗaure da noti. A baya aksil ɗaya ne miƙaƙƙe, da sifirin mai falle-falle irin na manyan lori. RAV4 ba ta da wannan. Bodinta shi ne shasinta, yadda ake ƙera Corolla da Camry, kowace tayar baya da nata hannun da sifirin mai naɗi. Fortuner kuwa shasin Hilux ta gada da aksil ɗinta, sai aka sa mata sifirin mai naɗi a baya, aka rufe ta, aka ƙara kujeru. Highlander da mutane ke sawa a layin manyan jif saboda girmanta da injinta V6 mai 3.5, a ƙasa 'yar uwar RAV4 ce, ba ta da shasi daban. Duk yabo da ƙorafin da zan yi daga nan suka taso.

Nauyin da aka yarda Hilux ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, kuma mutane na mantawa cewa da direba da fasinja duk a ciki ake lissafi. Buhun masara kilo 100 ake cewa, amma wanda ya san kasuwar Ejura ya san yadda ake danƙara buhu har a ɗinka masa hula, ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ni bakwai ko takwas nake ɗorawa in daga ni sai yaron mota, bayan mai ƙofa huɗu ma tsawonsa ɗan mita ɗaya da rabi ne. Ina ganin masu jibga goma sha biyar, fallayen sifirin sun miƙe, gindin mota ya zauna, hanci ya kalli sama. Motar za ta tafi, shi ya sa suke yi. Amma sitiyari ya zama sakayau, fitila tana haska rassan itace maimakon hanya, birki kuma ba don wannan nauyi aka yi shi ba. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, don hanyar ta kowa ce, da 'yan makaranta a bakinta safe da yamma.

Masarar babbar damina tana shigowa wajen Agusta da Satumba, daidai lokacin da ruwan ƙaramar damina ke kankama. Ke nan sa'ad da kaya suka fi araha a bakin gona, sa'an nan ne hanyar gona ta fi lalacewa. Tarakta ta bi ta haƙa kwari biyu ta bar tudu a tsakiya, jar ƙasa ta jiƙe ta zama sulɓi. A nan nake fanshe kuɗin da na zuba a motar. Wannan ƙirar ba ta da ƙaramar sandar giya ta biyu irin ta tsofaffi, ɗan maɓalli ne ake murɗawa: H2 na kwalta, H4 na sulɓi da yashi, sai L4 da direbobi ke kira ogzileri, wanda sai ka tsaya ka taka kuloci kafin ya shiga. A L4 rarrafe take yi, ba gudu, amma babu inda take tsayawa, kuma ba ka ƙona kuloci. Ta kan fito daga ƙauyukan bayan Sekyedumase da lodi a ranar da aboboya ma, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ke neman masu turi. Abu ɗaya da nake roƙon masu irinta: da kun hau busasshiyar kwalta ku mayar da ita H2. A H4 ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke, juyi ɗaya suke yi, alhali a kwana dole na gaba su fi na baya tafiya. A laka taya kan ɗan zame ta sauke bambancin, a kwalta kuwa ƙarfen ciki ne ke shan wahalar.

RAV4 ɗin ƙanina ma tana ja da ƙafa huɗu, amma da na gaba take tafiya, sai sun zame kwamfuta ta aika ƙarfi baya. Ba ta da ogzileri. Babbar matsalarta a irin wannan hanya ma ba ja ba ne, tsayi ne: santimita 16 ne tsakanin cikinta da ƙasa a ƙirar 2013 zuwa 2018, don haka in tayoyi suka faɗa kwarin tarakta, cikinta ya zauna a kan tudu, ko ƙafa goma gare ta iska za su riƙa juyawa. Daga ƙirar 2019 an ɗaga ta zuwa wajen santimita 21. Kuma a lura, da yawa cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka ƙafa biyu kawai suke ja, jikin iri ɗaya ne, sai ka leƙa ƙasa ka ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfi baya.

Taya ma tana da nata kaso. Hilux mai suɗaɗɗiyar taya a laka ba ta fi tasi ba. Game da ruwa kuma, Toyota ta ce motar na iya ratsa zurfin santimita 70, amma ba na ba kowa shawarar gwada wannan a Aboabo ranar da rafi ya cika ya hau titi. Ruwan gudu yake yi, kuma buɗaɗɗen kwalbati ba ya nuna kansa a ƙarƙashin ruwa.

To, ba a samun wannan ƙarfi a banza, jiki ne ke biya. Sifirin da aka yi don tan ɗaya, in ba komai a baya, tsalle yake yi. Kowane tudun rage gudu, kuma kowa ya san yawansu a garuruwan hanyar Mampong, sai ka ji shi a ƙashin baya. Ranar da zan kai mahaifiyarmu ganin likita ta tsaya a ƙofar gida ta dubi motar ta ce, "Ɗan nan, kira ƙaninka ya zo da tasa. Wannan taka ƙarasa mini ƙugu za ta yi." Na ce, "To, Mma," na kira shi. Gaskiya gare ta. Hawanta ma aiki ne ga tsohuwa ko mace mai ɗaure da zani, kujerar baya kuma a miƙe take, ba ta kwantawa, mai doguwar tafiya zai gaji. In na san iyali zan ɗauka nakan bar buhu biyu a baya, sai ta lafa ta yi taushi. Sannan in mutum biyar suka cika ciki, kayansu sai waje: akwatin biki a ƙarƙashin tamfol, ga ruwa, ga ƙura, ga kuma ido a madubi duk inda cunkoso ya tsayar da ku.

Cikin gari shi ne inda na fi jin nauyinta. Tsawonta mita 5.3, RAV4 kuwa 4.6, kuma wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin samun wurin ajiye mota a Adum da zagaye har ka gaji. Lungunan Sabon Zango da Alabar, inda pragya, babur mai ƙafa uku na fasinja, ke ɓullowa ta ko'ina kuma masu tebur sun ci rabin hanya, juya ta sai an yi gaba an yi baya. In cunkoson shataletalen Suame ya kama ka da yamma, ƙafar hagu za ta gaya maka cewa giyar hannu kake tuƙi.

Saboda haka nake jin ba a yi wa ƙananan jif adalci a majalisa. Ana kiransu motar mata, ana cewa ba su da ƙashi. Amma mu duba rayuwar masu faɗin haka: daga gida zuwa shago, kai yara makaranta, zuwa suna a Tafo, ɗaurin aure a Asawase, Accra jefi-jefi. Iyakar barinsu kwalta shi ne ɗan burjin da ke shiga unguwa. Ga irin wannan rayuwa RAV4 ta fi Hilux ta kowace fuska. Ba ta da ƙara, ba ta jijjiga, esi yana kaiwa ko'ina, but ɗinta a rufe yake a kulle, in ka kwantar da kujerun baya firji ma zai shiga. Matar ƙanina tana tuƙa ta ba fargaba. Ta fi salun tsayi yadda ramukan damina ba za su ci mata bamba ba. Abin da mai kowace ƙaramar jif zai sa a rai shi ne ƙafafunta na da gaɓoɓi da yawa, bushi da link da shokazoba, kuma gargada ita ce abincinsu. In ka mayar da ita motar ƙauye, kai da fita, wato mai gyaran mota, kun ƙulla zumunci.

Fortuner ɗin surukina kuwa don iyali ya saye ta, kuma a nan ba ta da na biyu cikin ukun. Kujera bakwai. Da Sallah yakan kwashi gida duka zuwa Tamale, ta Techiman da Kintampo da Buipe, kowa a inuwa, kowa a sanyi, in an bar kwalta an shiga ƙauye kuma tana da tsayi da ogzileri irin na Hilux. Ta fi Hilux taushi ko da ba kaya. Sai dai kujerun can baya na yara ne, babba zai zauna gwiwa a ƙirji, in an buɗe su but ya kusa ƙarewa, in an naɗe su kuma gefe suke ratayuwa su ci wuri. Injin fetur 2.7 yana ba da Nm wajen 245 ne, ana kuma nema ya ja mota mai kusan tan biyu, to dole ka riƙa takawa, takawa kuwa mai ne. Na sha gaya masa, "Baba, da mai dizal kuka samu da an gama magana." Amsarsa ita ce injin fetur ɗin ba shi da turbo, ba shi da fitina, kowane fita ya san shi, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin da Fortuner ba za ta yi ba shi ne aikina. Ba ka zuba taki ko jiƙaƙƙen buhu a kan kafet.

Land Cruiser da muke kira V8 mota ce ta gaske, amma kuɗin saye da na riƙo sun fitar da ita daga lissafin ɗan kasuwa irina. Ko harajin manyan motoci da gwamnati ta sa a 2018 kan injin da ya kai cc 2,950, kafin ta janye shi a 2019, kan masu V6 da V8 ya faɗa, ya tsallake 2.4 da 2.8.

Akwai wani amfani na buɗaɗɗen baya da ba a rubuta a takardar kamfani ba, kuma mai saye a zango ya kamata ya sani tun da wuri: motar ba taka ba ce kai kaɗai. Ragon layyar maƙwabci, kujeru da rumfar suna, tukwanen biki, kayan amarya, duk ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Idan aka yi rasuwa, sau da yawa ita ke ɗaukar makara zuwa maƙabartar Tafo. Ni wannan yana cikin abin da ya sa nake ƙaunar motar. Wanda ya san ba zai iya bayarwa da daɗin rai ba, gara ya sayi mai rufi.

Wajen shan mai ba ni da kuka. Tankinta lita 80 ne. Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380, kuma in ba lodi nakan je in juyo har Techiman ban nemi gidan mai ba. Amma injin dizal na zamani yana da zaɓen abinci. Famfonsa da matsanancin ƙarfi yake tura mai ta nozul masu ƙananan ƙofofi, kwamfuta ke sarrafa su, ɗigon ruwa ko datti na iya kashe su, kuma nozul huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tun 2017 dokar ƙasa ta rage sinadarin sulfa a man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, wannan ya taimaki irin waɗannan injuna, amma doka ba ta hana ruwan sama shiga tankin ƙasa na gidan man da ba a kula da shi. Ya taɓa faruwa da ni a wani ƙaramin gidan mai a hanyar ƙauye. Ban yi nisa ba fitilar filta ta kama. Alhamdu lillahi filtar tana da kofin da ke tare ruwa a ƙasa, aka zubar aka canja ta, inji bai ji komai ba. Fitana ya ce mini, "Alhaji, wannan ba tsohon injin 5L ba ne da za ka ba shi duk abin da ka samu. In fitilar nan ta kama, ka tsaya a inda kake." Na ce, "Na ji, Masta." Shi ne kuma ya koya mini in bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye bayan doguwar tafiya kafin in kashe, don turbo ya huce baƙin mai na zagaya shi.

Zaman Kumasi gata ne ga mai Toyota, saboda Magazin ɗin Suame, wanda ke cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka. Babu ƙarfen Hilux da za ka nema ka rasa, in ma an rasa, waya ɗaya zuwa kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Accra, gobe ya iso a bas. Navara da L200 da D-Max da Ranger duk motocin aiki ne, har da Omama ta Kantanka da ake haɗawa a gida, amma wajen yawan kayan gyara a kan tebur Toyota ce a gaba. Sai dai yawan kaya ya zo da yawan jabu. Filtar mai da ta baƙin mai ana kwaikwayonsu har kwali, kuma a nan araha ba ta ado. Ni ba na sayen waɗannan biyun sai a wurin da na amince da shi. Wani sauƙi na 2GD shi ne sarƙa ke haɗa masa lokaci, ba bel ba irin na tsofaffin 2.5 da 3.0 da ake canjawa a kilomita 150,000. Amma fitan da zai taɓa shi dole ya kasance mai na'urar karanta kwamfuta, ba mai saurare da kunne kaɗai ba.

Tana kuma riƙe daraja. A 2022, shekarar da kuɗinmu sidi ya faɗi warwas har hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari a Disamba, mai Hilux ya san yana da abin da zai sayar gobe in ta ɓaci, don kamfanonin gini da masu haƙar ma'adinai da manoma kullum nemanta suke yi.

Mai niyyar saye ya fara tambayar daga ina motar ta fito. Ba a sayar da Hilux ko Fortuner a Amurka, Tacoma da 4Runner suke da su, don haka duk wanda ya ce maka Hilux ɗinsa daga can take, ka ƙara bincike. Sabuwa ana haɗa ta a Tema tun 2021. Hom-yus kuma, wato wadda aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita, ta Dubai ko Turai take zuwa, kuma na Turai na baya-bayan nan suna ɗauke da matatar hayaƙi a salansa wadda gajerun tafiye-tafiyen cikin gari ke toshewa, ga wani ruwa na musamman da ake zuba musu. Akwai kuma waɗanda asalinsu sitiyarin dama ne aka juya su, tunda mu tun 1974 hannun dama muke bi. Ka duba inda aka yanka aka yi walda a bayan dashbod, ka duba ta wane gefe waifa ke kwanciya. RAV4 da CR-V da Highlander kuwa da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko suka sha ambaliya a Amurka ake sayo su, a gyara a nan. Ba dukansu ne marasa kyau ba, amma motar da bodinta shi ne shasinta, in ta lanƙwashe aka ja ta da sarƙa, ba ta komawa daidai. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a gindin gilashin gaba. Ka sa ta a intanet, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga inda ta bugu da idonka.

In Hilux ce da ta yi aiki a ƙasar nan, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka je da fitanka da safe, inji na sanyi, ka ce kada a tayar kafin ku zo, ku ga yadda take tashi da irin hayaƙin da take fitarwa. Ku shiga rami ku bi shasi daga gaba har baya kuna neman walda da tsatsa, musamman inda sifirin ke ratayuwa. Ku ƙirga fallayen sifirin. In an ƙara, to ta sha lodin da ya fi ƙarfinta. Ku nemi burji ku sa H4 da L4 ku tabbatar suna shiga suna fita, don motar ofis kan shekara ba a murɗa maɓallin ba har injin da ke sa shi ya ƙage. In mai motar ya yarda, ku ɗora mata ko da buhu biyar ne ku hau dutsen Mampong, ido a kan allurar zafi, kafin a ƙirga kuɗi.